Ina ƙanƙarar take? Muhawara kan abin da ke cikin tauraro mai wutsiya

Aminu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na karanta cewa na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano tururin ruwa a jikin wani tauraro mai wutsiya da ake kira 238P/Read, amma ta nemi iskar CO2, wadda muke fitarwa a numfashi, ta rasa. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta. Abu yana can nisan miliyoyin kilomita, ba wanda ya je ya ɗebo shi a kwalba, amma a ce wannan yana ciki, wancan babu. Ta yaya? Don Allah a yi mini bayani kamar wanda bai san komai ba, don gaskiya ban sani ba ɗin.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Aminu ka riga ni, amma tambayata ta fi taka tsauri. Na yi shekaru ina koyar da yara cewa tauraro mai wutsiya curin ƙanƙara ne mai datti, domin haka Fred Whipple ya faɗa tun 1950, haka kuma littafi ya kwafa. To duk hoton da na gani na kusa, daga na Halley har na wanda kumbon Rosetta ya ziyarta, abin baƙi ne ƙirin kamar gawayi. Gani ya kori ji. Ina ƙanƙarar take?

Dakta Rabi: Barka da war haka Malam. Bari in fara da Aminu, taka tambayar ba ta gaggawa ba ce.

Aminu, hasken da idonka ke gani ɗan yanki ne kawai. Kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaici, haske ma yana da zango-zango. Idon mutum yana kama daga wajen maikiron 0.4 zuwa 0.7, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ja shi ne na ƙarshe a ɓangaren dogon zango. Gaba da ja akwai haske amma ido ba ya ganinsa. William Herschel ne ya ci karo da shi a 1800: ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da inda ja ya ƙare, wurin da a ido babu komai, sai ya ga ma'aunin ya hau. Shi ne hasken infarared, mu ce hasken bayan ja.

Amfaninsa a nan shi ne, ƙwayoyin sinadari ba a sandare suke ba. Atam-atam ɗin da ke cikinsu suna miƙewa suna lanƙwashewa kamar tsirkiya, kuma kowane sinadari da irin rawarsa. Idan rana ta dumama tauraron, iskar da ta fito ta lulluɓe shi tana haɗiye hasken rana a daidai zangon rawarta, sannan ta amayo shi. Na'urar tsefe haske takan jera zangon ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga inda layi ya yi tsiri. Tururin ruwa yana yin nasa a maikiron 2.7, metan a 3.3, metanol wajen 3.5, CO2 a 4.3, CO (kabon monoksaid) a 4.7. An auna waɗannan a ɗakin gwaji tun da daɗewa. Ba hasashe ake ba, kwatantawa ake.

Hauwa: Aminu ka yarda da Dakta a kan wannan, ni na sha wahalarsa da hannuna. Lokacin ina aikin bincikena, muna niƙa samfuri da wani farin gishiri, KBr, mu matse shi ya zama ɗan faifai mai ganin-gari, mu saka a na'ura. Sau uku ina samun wani ƙaton kwari mai faɗi wajen maikiron 3, na fara murna na gano abin da ba kowa ya gani ba. Ashe gishirin ne ya tsotsi laima don an bar murfin kwalbar a buɗe. Wata rana kuma na leƙa cikin akwatin samfurin ina gyara shi ina magana, sakamako ya fito da wasu tagwayen tsini a 4.3. Mai kula da ɗakin ya kalla sau ɗaya ya ce, "Wannan numfashinki ne." Kunya ta kama ni. Tun ranar na san na'urar ba ta wasa da ruwa da CO2.

Injiniya Bashir: To ai Hauwa kin kawo matsalar da kanki. Idan numfashinki kaɗai ya ɓata awo, yaya wanda ke kallo daga doron ƙasa? Iskar da ta lulluɓe duniya cike take da tururin ruwa da CO2. Ta ina zai bambance na tauraro da na saman kansa?

Dakta Rabi: Injiniya wannan ita ce ta hana aikin ci gaba shekaru da yawa. Whipple ya yi magana a 1950, amma ba a ga tururin ruwan kansa kai tsaye ba sai Disamban 1985. Kafin nan ɓaraguzansa ake gani, wato OH da haidurojin da suke fitowa bayan hasken rana ya farfasa ruwan. A 1985 sai da aka ɗora na'urar hangen nesa a cikin jirgin sama na NASA mai suna Kuiper, ya tashi sama da kilomita 12 inda ya bar yawancin laimar a ƙasa, sannan Michael Mumma da abokan aikinsa suka ga layukan ruwa a jikin Halley. Watanni kaɗan bayan haka, a Maris 1986, kumbon Vega 1 na Tarayyar Sobiyet ya wuce kusa da Halley da tasa na'urar, ya ga ruwa, ya ga CO2, ya kuma ga alamar sinadarai masu kabon da haidurojin wajen 3.4.

Daga ƙasa kuma dabara uku ake haɗawa. A hau dutse mai tsawo da bushewa, kamar Mauna Kea a Hawai, sama da mita 4,000, ko hamadar Chile. A jira lokacin da tauraron ke gudu zuwa wajenmu ko yana nisa da sauri, domin gudun yakan ɗan goce da layukansa daga kan na iskarmu, kamar yadda jiniyar mota ke sauya murya idan ta wuce ka. Da haka ake kama metan da CO. Ruwa kuma ana bin wasu raunanan layuka da tauraron ke fitarwa waɗanda laimar iskarmu ba ta cika haɗiye su ba, wajen 2.9. CO2 ne dai ya gagara. Daga ƙasa ƙofar a rufe take ruf, dole sai an fita waje.

Aminu: To me ya sa ba a amfani da rediyo kawai? Na ji ana gano sinadarai da shi.

Dakta Rabi: Ana yi, kuma yana aiki ƙwarai ga irin su HCN (haidurojin sayanaid) da CO. Amma ƙwayar da siffarta ta daidaita ta kowane gefe, irin metan da etan da CO2, ba ta fitar da layin juyawa da rediyo zai ji. Sai ta hanyar rawar tsirkiyarta. Shi ya sa sai a 1996, da tauraro mai wutsiya Hyakutake ya matso, aka ga etan da metan daga Mauna Kea. Abin da ya ɗaure kai shi ne etan ɗin yana da yawa, bai yi ƙasa da metan sosai ba. Da a cikin iska kawai aka haɗa su da ba za a samu haka ba. Wannan ya karkata masana ga cewa an ƙera shi ne a jikin ƙwayoyin ƙura masu tsananin sanyi, haidurojin yana manne wa asitilin ɗaya bayan ɗaya.

Malam Garba: Dakta na ji, kuma na ƙaru. Amma ki lura da kalmar da kike ta maimaitawa: tururi, iska, tururi. Ni ƙanƙara na tambaya. Duk abin da kika lissafa abin da ya fito ne, ba abin da ke ciki ba.

Dakta Rabi: Malam ai labarin zuciya a tambayi fuska.

Hauwa: A'a Dakta, a nan ina bayan Malam. Wannan fuskar ta iya ɓoye labari. Kowace ƙanƙara da zafin da take tashi. A can babu matsin iska, ba narkewa take ba, daga daskararre sai tururi. CO yana tashi tun wajen digiri 250 ƙasa da sifiri. CO2 wajen 200 ƙasa da sifiri. Ruwa kuwa yana zaune daram sai wajen 120 ƙasa da sifiri, wato sai tauraron ya shigo cikin kimanin ninki uku na nisan duniya da rana. To idan na kalle shi yana can bayan Jupita zan ce CO ne ya cika shi. Ke ki kalle shi kusa da rana ki ce ruwa ne. Tauraro ɗaya, amsa biyu. Ƙari a kan haka, ƙanƙarar ruwa da ta daskare a matsanancin sanyi ba ta da tsarin lu'ulu'u, tana da ramuka da suke riƙe wasu iskoki, ba ta sake su sai ta ɗumama ta sake tsari. Ke nan lokacin fitowar iska ba lallai ya bi lissafin da na bayar ba ma.

Dakta Rabi: Na karɓi wannan, ban da ja. Duk mai aikin nan da ya san abin da yake yi ba ya faɗin adadi sai ya faɗi nisan da aka auna shi. Amma kada Malam ya tafi da cewa ba a taɓa ganin ƙanƙarar kanta ba. An gani. Ita ba tsiri take yi ba, kwari take yi: hasken rana ya bugi ƙanƙara ya dawo da giɓi a maikiron 1.5 da 2.0 da 3.0. Idan ta lu'ulu'u ce kuma mai sanyi, akwai wani ɗan ƙaramin giɓi a 1.65 da ke tona ta.

Ranar 4 ga Yuli 2005 kumbon Deep Impact ya saki wani dunƙule mai nauyin kusan kilo 370, tauraron Tempel 1 ya yi karo da shi da gudun wajen kilomita 10 a daƙiƙa. Na'urar infarared da ke kan uwar kumbon ta ga ƙwayoyin ƙanƙarar ruwa a cikin abin da ya fantsamo. Ta kuma ga wasu 'yan filaye na ƙanƙara a saman, ƙanana ƙwarai idan aka kwatanta da girman tauraron, waɗanda ba za su isa su samar da tururin da ake gani ba. Ma'ana yawancin ruwan daga ƙarƙashin ɓawon yake fitowa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Hartley 2. Wannan kumbon dai aka sake turawa, ya wuce shi a Nuwamba 2010. Tauraron dogo ne, kai biyu da ƙugu a tsakiya. Daga ƙaramin kan, CO2 ke feshowa yana ɗauke da guntayen ƙanƙarar ruwa, kumbon ya ga abin kamar ana yayyafinsu. Daga ƙugun mai santsi kuma tururin ruwa ke tashi. Wato abin da ke tuƙa feshin ba ruwa ba ne, CO2 ne, kuma jikin tauraro ɗaya ma ba iri ɗaya ba ne daga wannan gefe zuwa wancan.

Hauwa: Wanda kuma ya ƙara ƙarfafa maganata, Dakta. Na'urar da ke duniya da ta kalli Hartley 2 ɗigo ɗaya za ta gani, ta cakuɗa kai da ƙugu ta ba da lamba ɗaya.

Dakta Rabi: Haka ne. Na ce na karɓa, kada ki ƙure ni.

Sadiya: Yi haƙuri in katse ku. Ni korensu nake gani a hotuna. Wace ƙanƙara ce kore?

Hauwa: Babu, ƙanwata. Wannan koren na C2 ne, atam biyu na kabon, ɓaraguzan manyan sinadarai da rana ta farfasa. 'Ya'ya ne, ba iyaye ba. Hasken da ido ke gani yawanci 'ya'yan yake nunawa, infarared ne ke nuna iyayen da suka fito daga ƙanƙarar kai tsaye.

Malam Garba: To baƙin fa? Har yanzu ba a ba ni amsar gawayin ba.

Dakta Rabi: Rosetta ce ta amsa wannan. Ta isa tauraron 67P a Agustan 2014, ta zauna tare da shi har ƙarshen Satumban 2016, da na'urar tsefe haske mai suna VIRTIS a jikinta. Da farko abin da ta gani shi ne abin da ka gani Malam: saman yana mayar da wajen kashi 6 cikin ɗari kacal na hasken da ya sauka a kansa, kuma kusan babu alamar ƙanƙara. Akwai dai wani faffaɗan giɓi wajen 3.2 a ko'ina, na sinadarai masu kabon, daga baya gwajin ɗakin bincike ya nuna gishirin amoniyam ma yana da hannu a ciki. Dalilin baƙin mai sauƙi ne: duk zagayen da tauraron ya yi kusa da rana, ƙanƙarar sama takan tashi ta bar ƙurar, ƙurar ta taru ta zama ɓawo. Kuma ƙura baƙa kaɗan ce ke isa ta dusashe hasken ƙanƙara mai yawa.

Amma da aka daɗe ana kallo sai abin ya fara bayyana. A wuyan tauraron, yankin da suka sa wa suna Hapi, an ga raɓar ƙanƙara tana bayyana a wurin da inuwa ta janye yanzu-yanzu, rana na ƙara haskawa tana ɓacewa. Tauraron yana juyawa sau ɗaya cikin sa'o'i 12 da ɗoriya. Idan wuri ya shiga inuwa, samansa ya yi sanyi nan da nan amma ƙarƙashin yana da sauran ɗumi, tururi ya ci gaba da hawowa, ya daskare a saman. Gari ya waye, ya tashi. An kuma ga ƙanƙarar CO2 a fili a yankin Anhur da ke kudanci, bayan makonni kaɗan aka koma babu ita.

Malam Garba: Wannan kam na raɓar ya shiga kaina. Da tun farko haka littafin ya ce, da ban sha tambayoyin yara ba.

Injiniya Bashir: Kuma da wannan na'urar ce aka tabbatar ruwan tekunmu ba daga taurarin nan ya zo ba, ko? Na tuna an yi ta yaɗawa a 2014.

Hauwa: Kuskure biyu Injiniya. Na farko, ba VIRTIS ba ce, ROSINA ce, ita kuwa ba haske take tsefewa ba, shaƙar iskar take tana auna nauyin ƙwayoyin. Ita ce ma ta gano O2, wato oksijin, wanda infarared ba ya iya gani, shi da N2, wato naitirojin, saboda atam biyu iri ɗaya ba sa yin rawar da ke taɓa wannan hasken. Na biyu, kalmar "tabbatar" ta yi nauyi. Abin da ake aunawa shi ne yawan haidurojin mai nauyi, diyuteriyam, a cikin ruwan. A tekun duniya wajen ɗaya ne cikin 6,400. ROSINA ta sami kusan ninki uku na wannan a 67P. Amma a 2010 na'urar hangen nesa ta Herschel ta Turai ta auna Hartley 2 ta same shi kusan daidai da na teku, aka wallafa a 2011. Su biyun kuma dangi ɗaya ake lissafa su, masu gajeren zagaye da Jupita ke juyawa. Wanne za ka ɗauka?

Injiniya Bashir: Na janye. Amma ku ma masana kuna da laifi, kowane sakamako sai a buga shi kamar an rufe magana.

Dakta Rabi: Rabin laifin na masu rubuta kanun labarai ne. Ɗaya rabin ba zan musa ba.

Aminu: To mu dawo kan nawa. Read ɗin fa? Rashin CO2 me yake nufi?

Dakta Rabi: Read ba daga can bayan Naftun yake zuwa ba, yana zaune ne a cikin zoben duwatsun da ke tsakanin Mas da Jupita. An daɗe ana ganin irinsa suna fitar da ƙura duk sanda suka matso rana, ana zargin ƙanƙara ce, amma ba a kama tururin ba sai da Webb ya duba, aka wallafa a 2023. Tsirin 2.7 ya fito, wurin 4.3 kuma shiru, alhali a yawancin taurarin da aka auna daga sararin samaniya CO2 yana nan. Bayani biyu ake kawowa. Ko dai tun asali a wuri mai ɗumi aka haife shi inda CO2 bai daskare ba, ko kuma yana da shi amma zaman shekaru masu ɗimbin yawa kusa da rana ya ƙarar da shi, ruwa ya saura don ya fi taurin kai. Ni na fi karkata ga na biyu, amma ra'ayi ne.

Ka kwatanta da baƙon nan 3I/ATLAS da ya shigo daga wajen tsarin ranarmu a 2025. Webb ya duba shi a Agusta ya tarar CO2 ya rinjayi tururin ruwa nesa ba kusa ba.

Hauwa: A wane nisa?

Dakta Rabi: Na san za ki tambaya. Sama da ninki uku na nisanmu da rana, daidai bakin inda ruwa bai gama farkawa ba. Don haka wani ɓangare na rinjayen zai iya zama na nisan. Sai dai ko an kwatanta shi da namu taurarin a irin wannan nisa, nasa ya yi sama.

Malam Garba: To Dakta, tambaya ta ƙarshe in bar ku ku huta. Ban da wanda aka fasa da ƙarfi ya tarwatse, an taɓa ganin cikin a zaune yadda yake, ba tururi ba, ba raɓar da ta sake daskarewa ba?

Dakta Rabi: An gani, kuma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ranar 12 ga Nuwamba 2014 ɗan kumbon Philae da Rosetta ta saki ya sauka a kan 67P, ƙugiyoyin da za su kafe shi suka ƙi harbawa, ya yi tsalle ya tafi yana gwaruwa. Shekaru bayan haka masu bin sawunsa a hotunan Rosetta suka gano wurin da ya bugi wani dutse a hanya, ya kankare ɓawon, ya nutse wajen santimita 25. Wurin yana ƙyalli, awon haske ya nuna ƙanƙarar ruwa ce gauraye da ƙura. Daga yadda ya nutse aka lissafa taushinta: ta fi sabuwar dusar ƙanƙara laushi, wajen kashi uku cikin huɗu na cikinta fanko ne. An wallafa wannan a 2020.

Malam Garba: Santimita 25. A jikin abu mai faɗin kilomita 4.

Dakta Rabi: Eh Malam.

Malam Garba: Kuma da ƙugiyar ta yi aiki da ko wannan ba mu samu ba.

Hauwa: Da ba mu samu ba.

Aminu: Ni kuma yanzu wata ta taso mini. Idan kashi uku cikin huɗu fanko ne, me ya riƙe shi bai wargaje ba duk lokacin da ya zo kusa da rana?

Injiniya Bashir: Wasu ai suna wargajewa. Buɗe mata sabon zare Aminu, wannan ya yi tsawo, wayata har ta fara zafi.